Ɗaya ga Janairu a Garwa

A katin ɗan ƙasa na kakana
an rubuta ɗaya ga Janairu.
Haka aka rubuta wa Talle mai gyaran keke,
haka wa Iya Kande mai ƙosai a bakin gada.
Rabin tsofaffin unguwarmu, in ka bi ta takarda,
rana guda aka yanke musu cibiya.

Bana muka ce sai mun yi masa biki.
Ƙanwata Ladidi ta sayo gato da jakar sefa biyu,
ta kafa kyandir, ta rera abin da aka koya mata a lakwal.
Tsoho ya dubi wutar, ya dube mu,
ya ce, "Wa aka haifa?"

Muka nuna masa katin.
Dariya ta kama shi har da tari.
"Wanda ya rubuta wannan
yunwa yake ji, azahar ta yi, layi bai ƙare ba.
Ni sunana Nomau.
Wa ke noma a Janairu?"

Ladidi ta ce to yaushe ne?
Ya ce, "Da marka."
Ba mu san marka ba.
Ya ce lokacin da sama ke kwana tana tsiyaya,
Binuwai ta cika ta hau gonakin bakinta,
wanki ya yi kwana uku bai bushe ba.
Uwarsa na maimai naƙuda ta kama ta.
Ba mu san maimai ba.

Na yago bayan kalandar bara,
na fara rubutawa.
Marka. Maimai. Sungumi. Agazari.
Yana faɗa yana tsayawa,
kamar mai ƙirga awakin da suka kwana a waje.
Wata kalmar ta zo masa da Fillanci,
ya kore ta, ya jira ta Hausar,
ba ta zo ba.
Ya ce in bar mata gurbi.

Kyandir ya narke a kan gato,
Ladidi ta yi fushi, ta cinye rabonsa.

Yanzu takardar na aljihuna, kalma goma sha ɗaya
da gurbi guda.
In ruwan Agusta ya kwana yana zuba
zan je in buga masa ƙofa da goro,
in ce, Nomau, barka da shekara,
ta dawo kuwa?