Katin Wasa

Ranar Laraba saƙo ya faɗo wayata
daga Mukhtari ɗan baffana da ke Dammam:
"Ga barka da Sallah, Lurwanu, ka more."
Na ce Allah ya sa na man inji ne,
don albasata ta kwana uku ba ruwa.

Na buɗe. Ba kuɗi ba ne.
Hoton kati ne, shuɗi, mai ƙyalli,
da baƙaƙe goma sha biyu a jere.
Wai dala hamsin ce a cikinsa,
amma ta wasan bidiyo kaɗai:
ka sayi mota, ka sayi bindiga, ka sayi ɗan ƙwallo,
duk a cikin allo, ba na hawa, ba na riƙewa.

Mukhtari ya manta ne?
Wutar garinmu ta tafi tun ina aji uku,
falwayar ma ta koma turken jakin Baba Sule.
Na'urar wasan a Dutse na taɓa ganin guda,
cikin gilashi, mai shago na kore mata ƙuda.
An miƙa madubi ga mai ƙishirwa.

Ɗanliti mai shagon cirar kuɗi ya leƙa ya ce,
"Kai, wannan ai haja ce.
Akwai masu saye a yanar gizo,
sai dai kura da akuya rumfarsu ɗaya a can,
ba fuska, ba musafaha, ba mai rabawa."

Na hau tudun bayan firamare,
nan kaɗai sabis ke yarda ya tsaya.
Na ɗaga waya sama kamar mai duban wata,
yara na raɗa ko Lurwanu ya samu taɓuwa.

Na farko ya ce in turo lambar tukuna,
zai biya nan da minti biyar, wallahi, tallahi.
Rantsuwar ta yi yawa. Na toshe shi.
Na biyu ya taya rabi, har da yi min gori.
A Gujungu in ana cinikin sa,
igiya na hannunka har ka ƙirga kuɗinka.
A nan baƙaƙen su ne igiyar,
in ka sake ta tafi, ba dawowa.

Can na samu wani shafi mai shiga tsakani,
ya riƙe kuɗin mai saye, ya riƙe katina.
Na danna baƙaƙen da yatsa mai rawa,
sau biyu ina sa sifili a gurbin wasali.
Ya ce in jira.
Na jira.
Caji ya koma huɗu, liman ya gyara murya,
sauro ya fara karɓar nasa kason,
zuciyata na ta sayar da ni tana sayowa.

Sai wayar ta yi ƙara.
Dubu hamsin da biyu.
Na karanta har sau uku, sannan ta mutu.
Ɗanliti ya zare ladansa yana murmushi,
na cika jarka biyu, na biya bashin taki.
Da asuba inji ya yi tari, ya yi tari, ya kama,
na tsaya ina kallon kwami bayan kwami na cikowa.

Jiya Mukhtari ya kira: "Wane wasa ka saya?"
Na ce mai kyau ne, mutum ɗaya ke yin sa,
da sanyin safiya ake farawa,
sai an yi wata uku ake sanin wa ya ci.
Ya ce, "Turo hoto in gani."
Na tura masa albasa, kore shar, ƙafarta a jiƙe.
Ya gani. Har yanzu bai ce komai ba.

Wani yaro dai, a garin da ban sani ba,
yana can yana sheƙa gudu da motar Sallata.
Allah ya tsare hanya.
Ni gobe da shirya, zan sake ban ruwa.