Cire Takalmi, Baba

Tari ne ya kai mu.
Kwana tara gidanmu ba mai runtsawa,
na goya Baba a babur daga Yelwa
zuwa ƙaramin asibitin nan na Garwa
inda Likita Jaratu ta san mu tun muna rarrafe.

Ta saurari ƙirji, ta rubuta magani,
sannan ta ce, "Malam Jibo, cire takalmi."
Baba ya dube ni, ya dube ta:
"'Yar nan, tarin a sama yake."

Ta durƙusa duk da haka.
Ƙafar da ta sha hanyar Pitowa kowace Lahadi
da kwandon banda a ka,
shekara talatin ba wanda ya tambayi lafiyarta,
yau ga ta a tafin hannun likita.

Can ƙasan diddige, tsakanin faso da kaushi,
wani tabo ya kwanta
kamar tawadar da ta zube ta rasa gefen tsayawa,
nan baƙi ƙirin, can ruwan ƙasa.
"Tun yaushe?"
"Ƙaya ce ta bara. Ba ya ciwo."
"Shirun nasa ne ban so ba," in ji ta.
Ta auna shi, ta yanki ɗan mitsitsi
ta sa a kwalba, sai Yawunde.

Kwana goma sha tara muna jira.
Inna ta ƙona tuwo sau biyu.
Ni kuwa in na hau gadar Binuwai
sai in ga ko ruwan ma bai da sauri.

Takarda ta zo da sunan da ake faɗa ƙasa-ƙasa:
sankara.
A da na ɗauka baƙar fata ta fi ƙarfinta.
Likita ta ɗora yatsa a layi na uku:
"Bai yi saiwa ba tukuna."

Aka yanke.
Aka ari fata a cinya aka biya diddige bashi.

Yanzu Baba yana ɗingishi kaɗan,
banda kuwa ni ke kai ta Pitowa.
Sai dai ya koyi wata ɗabi'a:
wurin alwala, in mutum ya ɗaga ƙafa zai wanke,
sai ka ga tsohon ya karkato da kai.
Jiya ya tsai da ladan da buta a hannu,
ya ce, "Ɗan juyo min ita in gani."

Tarin kuwa,
ban ma san ranar da ya tafi ba.