Bashin Altine

Ta zo shagona a Gawon Nama da la'asar sakaliya,
rumbun kwamfuta naɗe a gefen mayafi
kamar mai ɗauke da ƙwan zabo.
Ta ce, "Na Altine ne, Allah shi jiƙai nai.
Yaron ga Modi ya so kallon ƙwallo ga talabijin,
talabijin ta ce ba ta jin harshen faifan,
ta ce mai, in sauya? Yac ce sauya."

Shekara goma sha ɗaya ta cinikin albasa,
daga Gada, daga Wurno, har motocin da ke gangarawa kudu,
wa ya karɓa, wa ya biya, wa ya ce sai farashi ya tashi,
duk sun tafi a dannawa guda.

Na ce, Malama Luba, an zuba wani abu a kai tun ranar?
Ta ce ko taɓa shi tsoro take.
Na ce tsoron nan ya yi miki gadi.

Ban faɗa mata sunan manhajar ba, me zai ƙara mata?
Na dai ce sauya tsarin faifai
kamar a ƙone littafin mai unguwa ne.
Gidaje suna nan tsaye, mutane na ciki suna cin tuwo,
lambar ƙofa ce ta ɓace.
Manhajar nan 'yar aike ce mai naci,
gida gida take bi da sallama,
tana gane mai ɗaki daga takalmin bakin ƙofa.

Na fara ɗaukar kwafi, don ba na wasa da asali.
Yana sittin da ɗaya cikin ɗari aka ɗauke wuta.
Na ja janareto har kafaɗata ta yi ƙara,
zufa na ɗiga kan allon rubutu,
na koma farko.

Dare na biyu suka fara fitowa,
ba suna, sai lamba, kamar marasa lafiya a layin kati.
Hoton buhuna. Hoton rasit. Hoton wani direba yana barci ƙarƙashin tirela.
Sai murya, daƙiƙa arba'in:
Altine yana ƙirga buhu, ya yi tari, ya ɓata lissafi,
ya yi wa kansa dariya, ya sake daga ɗaya.

Littafin bashin ma ya dawo, amma da ɗingishi.
Inda sabon tsari ya kafa harsashinsa
daidai kan sunayen mutane ya sauka.
Kuɗi na nan, layi ɗari biyu da bakwai, ko kwabo bai ɓace ba.
Gefensu kuwa tarkacen alamomi,
kamar sawun kaji a kan danshi.

Na gwada manhaja ta biyu. Na gwada ta uku.
Abin da aka taka da sabon rubutu ya taku.

Da ta dawo na juya mata allon, ina jin kunya
kamar ni na ci kuɗin.
Ta daɗe tana duban jimillar.
Ta ce, "Su ai sun san kansu."
Ta miƙo wayarta. "Sa min tarin nan nashi."

Ta biya, saura dubu biyu, ta ce sai Juma'a.
Na buɗe littafina, na cire murfin biro,
na tsaya.
Tana bakin titi tana jiran Keke Napep,
waya manne da kunne,
Altine ya kai goma sha bakwai.