Ɗinkin da Ba Nawa Ba

Shekara goma sha ɗaya ina taka keken ɗinki
a rumfata ta Bilbis, nan cikin Tawa,
ba a taɓa maido mini riga don ta warware ba.
Amma ɗinkin da ke riƙe da ni
wani ya yi shi ina kwance, ban ga allurarsa ba.

Kwana biyu naƙuda na murɗa ta kamar wanki.
Iya Tsahara ta kawo rubutu, na sha, na amayar.
Ungozoma ta shafa cikin, ta yi shiru,
irin shirun da nake yi in yadi bai kai ba.
Ta ce: a gicciye yake, ku nemo mota.

Abarshi ya dangwala hannu a takarda,
tawadar ta kwana uku a babban yatsansa.
Sai fitila fara fat,
allura a gadon baya, sanyi kamar ruwan randa,
ƙafafuna suka tafi ba sallama.
Aka tare ni da ƙyalle kore.
Na ce a raina: wannan ya sha wanki.

Ban ji zafi ba. Na ji ana ja,
kamar mai laluben mabuɗi a ƙasan jaka.
Sai ɗakin ya yi tsit.
Na ƙirga: ɗaya, biyu, har bakwai,
sannan kika tsaga shi da kuka.

Ranar suna wata ta ce daga bayan zana,
"Ai ba haihuwa ta yi ba, ciro mata aka yi."
Na so in yi dariya, zare ya hana.
Lokacin ko tari sai na rungume matashi.

Yau kin ɗaga mini riga, Bassira, da shekarunki huɗu,
kin bi layin da yatsa mai maiƙon ƙosai:
"Inna, wa ya yanke ki?"
Ƙofarki ce, na ce.
Kika ƙwanƙwasa sau biyu, kika kasa kunne.

Gaskiya ya ɗan karkace ta hagu,
hannun ya yi sauri a ƙarshe.
Da yarinyar rumfata ce, da na sa ta farke.
Shi kuwa ko sunansa ban riƙe ba,
idanu kawai, da zufa a gira.
In kabu-kabu ya bi da ni ƙofar asibitin
nakan ce ya rage gudu,
in duba fuskokin masu fitowa.