Jakuna Arba'in

Kakata Fulera ba ta son a kai mata waya kusa da baki.
"Ɗauke mini wannan ƙaramin munafukin,
yana ji, ba ya amsawa."
Sai na ɓoye shi ƙarƙashin faifai
ranar da take tsintar wake a tsakar gidanmu na Aboabo.
Ita ta fara da kanta, kamar ruwan da ba a roƙa ba:

"Ubana Bawa Dogo da jakuna arba'in ya shigo Kumasi.
Ta Salaga ya biyo. Kanwa a zuwa, goro a komawa.
In ya yi tari a Zango,
daga Kejetia ake ce masa sannu."

Na rubuta. Na ja layi biyu ƙarƙashin arba'in.

Wata uku ina bin mutumin da kwalta ta shafe sawunsa.
Na hau trotro har Ejura, wajen Malam Sahabi
mai ajiyar ajami a akwatin ƙarfe.
Gara ta riga ni karatu,
ta cinye rabin sunayen, ta bar mini wasula.
Na je ɗakin adana tsofaffin takardu,
aka miƙo mini kundi mai warin jemage.
Wani akawu da ya mutu tun ba a haifi uwata ba
ya rubuta sunan kakanmu a karkace.
A gabansa: ɗan dako.
Lada, sule da sisi.
Jaki ko ɗaya babu.

Na dawo da hoton shafin
kamar mai ɗauke da garwashi a gefen zane.
Kwana biyu ina kewaya ta.
A na uku na faɗa.

Ta yi dariya har goron bakinta ya faɗo.
"Yo da na ce miki nasa ne?
Jakunan na maigida ne, shi ke kora su.
Amma koma ki tambayi takardar taki
ko ta san sunansu.
Akwai Ɗan Baƙi, akwai Kunne Ɗaya, akwai Sarkin Gardama,
akwai Gwauro da ya ƙi haye kogi a Yeji
sai da ubana ya tuɓe riga ya rufe masa ido."
Ta lissafa goma sha bakwai, ta gaji.
Ta ce saura sai gobe.

Gobe wani abu ta ba ni dabam:
shekarar da aka ce baƙi su tattara,
yadda ta kulle ɗaki, ta damƙa mabuɗi
a hannun maƙwabciyarta Maame Serwaa,
ta hau akori-kura da goyo da tukunya ɗaya.
Bayan shekara huɗu ta dawo,
ta tarar da keken ɗinkinta an sha masa mai, an lulluɓe,
zaren da ta bari yana nan a allura.
Wannan babu shi a kundin kowa.

Sauran jakuna ashirin da uku da su ta tafi,
ranar Talata, bayan la'asar, da aka kai ta Tafo.

Yanzu ni ke rabon gado.
Babu fili, babu zinariya.
Muryarta nake yankawa gunduwa-gunduwa kamar naman layya,
in aika wa Tanimu a Hamburg, in aika wa Ramatu a Nima,
da wasu dangi a Jega da ba mu taɓa haɗa ido ba.
Bayan maganarta ana jin zakara,
ana jin mai koko tana kiran ciniki,
ana jin wake yana zuba a kwano.

Jiya ɗan Tanimu, shekararsa shida, Hausarsa duk a karye,
ya turo saƙo:
"Gwaggo, me ya sami Gwauro bayan ya haye?"

Ban sani ba, yaro.
Ban tambaya ba. Na zaci akwai gobe.

A takardar zuri'a da na zana,
ƙarƙashin Bawa Dogo na sa abin da akawu ya sa:
ɗan dako, sule da sisi.
A gefe kuma, da jan biro,
na jera sunaye goma sha bakwai,
na bar layi ashirin da uku a buɗe
ko wata tsohuwa a wani zango
tana riƙe da sauran.