Gwangwanin Veikko

A kantin Savonlinna yaron ya baje mini kaya
har tebur ya cika:
sandar da ake naɗewa kamar laima,
na'urar da ke leƙo kifi a ƙarƙashin ruwa,
kifayen roba arba'in, kowanne da launinsa.
Na dubi farashi, na dubi fuskarsa,
na sayi maganin sauro, na fito.

Shekarata hamsin da takwas, ban taɓa jefa fatsa ba.
Yayana Veikko ne masuncin gidanmu,
ni ce mai kankare tukunya bayan an ci.
Da ya rasu, tafki na daskare,
ya bar mini rigar sanyi da ta yi mini yawa
da gwangwanin kofi mai tsatsa a baki.

Maƙwabcina Aulis ya zazzage shi a kan katakon gaɓa.
Ƙugiya bakwai, biyu sun mutu.
Ya tsamo ƙaramar cikinsu da farce:
"Wannan, Sirkka. Kifin nan bakinsa tsukakke ne,
babbar ƙugiya mai ita kawai take ruɗa."
Zare siriri, ya ja shi tsakanin haƙora,
ya ce da sauran ransa.
Dalma uku, ƙanana kamar masoro.
Sai wata toshiyar kwalba, mai zaman totuwa,
rabinta an shafe da jan farce.
Na gane launin. Nawa ne.
Shi na nema har na gaji a shekarar da na yi aure,
na zargi kowa a gidan
ban da shi.

Sanda ba mu saya ba.
Wata gora ce jingine a bayan ɗakin gumi,
ta ninka tsawona biyu, gizo-gizo ya yi gida a kanta.
Tana kuwa muka tono a gindin juji
inda ɓawon dankali ke ruɓewa.
Ya ce in soke ta da kaina.
Ta murɗe, na murɗe fuska,
muka daidaita.

Ƙulli ne ya ba ni kunya.
Sau uku ina ɗaurewa yana silalewa,
sai da ya ce in jiƙa zaren da miyau kafin in ja.
Ya auna mini kamu huɗu daga ƙugiya zuwa totuwa,
ya nuna bakin ciyawar ruwa da haɓa,
ya tafi gida, wai gwiwarsa ba ta son raɓa.

Na zauna a kan bokitin da na kife.
Ƙarfe goma na dare, rana ta ƙi tafiya,
ta tsaya a kan itatuwa kamar baƙon da bai gama sallama ba.
Sauro ya sha maganinsa ya ƙara da ni.
Ja ɗin nan ya yi rawa, na fizge,
ƙugiya ta dawo tsirara.
Na sake. Ta sake dawowa tsirara.
A na uku na ƙirga biyu a raina
har jan ya nutse gaba ɗaya,
sannan na ɗaga,
sai gorar ta yi magana a tafin hannuna.

Ɗan kifi ne, bai wuce tafina ba,
da zane baƙi a gadon baya, fikafikansa jajaye,
ƙayarsa ta gaishe ni a babban yatsa.
Ya haɗiye ƙugiyar can ciki.
Na lalube gwangwani, babu abin zarowa,
na daɗe ina fama da yatsu masu rawa
har ya daina motsi.
Don haka ban mayar da shi ba.
Na soya shi da man shanu da gishiri,
loma uku, a tsaye, ban kunna fitila ba.

Toshiyar na kan taga tana bushewa,
ruwa ya ɓare mata fenti ta gefe ɗaya.
Gobe zan koma wurin yaron nan,
ya baje duk abin da zai baje.
Filaya nake so, ƙarama, mai dogon baki.
Daga nan in tsallaka titi
in nemo jan farce.