Rajista Mai Koren Bango

Shekara goma sha tara ina buɗe ƙofar nan ƙarfe takwas.
Kwaɗon ya san hannuna,
sai na ɗan ɗaga shi sama kafin ya yarda.
Ɗaki biyu ne da baranda a Gwammaja, bayan gidan burodi,
benci uku, fanka mai tari,
da rajista mai koren bango
wadda rabin unguwar nan ke kwance a cikinta.

Jiya masinja ya kawo takarda daga ƙaramar hukuma.
Haya za ta ƙare ƙarshen wata.
Kansiloli za su zauna ranar Alhamis
su duba ko mun kai a ci gaba da biya.

To, ranku ya daɗe, ga abin da bai shiga fayil ba.

Shafi na arba'in da ɗaya, Mudi Ɗan'azumi.
Masaƙar Bompai ta sallame shi
da albashin wata biyu, a baki.
Sau tara ya zo, sau tara na ce ya dawo,
a na goma wayar Sharaɗa ta shiga.
Yau walda yake.
Ƙyauren makarantar 'yarsa, shi ya ƙera.

Shafi na sittin, Tasallah,
difloma a jakar leda, gefenta ya sha ruwan damina.
Yanzu ita ke riƙe da lissafin wani mai atamfa a Kwari.
Ta wuce ni rannan ba gaisuwa,
ban riƙe ta ba,
sauri take, ana jiranta.

Ba zan yi muku ƙarya ba.
A cikin goma, uku ake dacewa.
Bakwai na nan a benci,
suna karɓa-karɓar jarida ɗaya,
har sun san ciwon iyayen juna.
Amma mutum ya tashi da asuba,
ya zuba gawayi a dutsen guga,
ya goge rigarsa guda,
ya ce wa mai ɗakinsa, "Na tafi ofis,"
kuma ya kasance ba ƙarya ya yi ba,
wannan a wane layi na kasafi ake rubuta shi?

An ce yanzu a waya ake neman aiki.
Ilu mai gadi wayarsa tocila ce kawai.
Ni na cika masa takarda,
ya dangwala babban yatsa,
ya tsaya yana kallon tawadar kamar lalle.

Na yi lissafin hayarmu ta shekara a bayan ambulan.
Ba ta kai tayoyin mota huɗu ba.
Ban ce motar wa ba.

Ranar Alhamis zan sa farar rigata,
in rungumi rajistar, in hau A-Daidaita-Sahu.
In an ba ni minti biyar, sunaye zan karanta,
har sai wani a teburin ya ji na ƙaninsa.
In ba a ba ni ba, zan zauna a baranda,
na iya zaman benci, a nan na koya.

Yau dai Talata.
Wani yaro ya leƙo, takalminsa ya fi ƙafarsa,
ya ce, "Baba, an ce za a rufe?"
Na hura wa biro iska, na goga shi a tafin hannu.
Na ce, shigo.
Sunanka, da na mahaifi,
da abin da hannunka ya iya.